Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Darasi Daga Babbar Manhajar Plan 9

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da sassanta, kamar yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke tafiyar da gaɓoɓin jiki. Windows da Linux su ne aka fi sani. Amma akwai wasu da ba a yi su don kasuwa ba, sai don bincike. Ɗaya daga cikinsu ita ce Plan 9.

A ƙarshen shekarun 1980 ne masana na cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, cikinsu har da Ken Thompson da Rob Pike, suka fara gina ta. An ba jami'o'i ita a 1992, aka saki lambobinta ga kowa a 2000. Tushenta shi ne a ɗauki komai a matsayin fayil: allo, da linzami, har da hanyar sadarwa. Wanda ya iya karanta fayil da rubuta shi ya iya sarrafa su duka.

Abin lura shi ne masanan ba su ajiye ta gefe a matsayin abin gwaji ba. A kanta suke rubuta manhajoji da wasiƙu da takardun bincikensu kullum. Saboda haka duk wani aibi nata su yake fara ciza, dole su gyara shi.

Alal misali, tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kawai yake ɗauka, ga shi suna son manhajarsu ta rubuta harsunan duniya. Hanyar da suka fara bi ba ta gamsar da su ba. A watan Satumba na 1992 Thompson da Pike suka fito da tsarin UTF-8, cikin 'yan kwanaki suka mayar da Plan 9 kansa. A yau shi ne mafi yawan shafukan intanet ke amfani da shi, kuma da shi ake adana haruffan ɓ da ɗ da ƙ, kowanne a bayit 2.

Sai dai wannan hanya tana da tsada. Mai aiki da Plan 9 kaɗai ba zai sami manyan manhajojin shiga intanet na zamani ba, kuma na'urori da yawa ba sa aiki da ita. Abin da ya rasa, shi zai rubuta da hannunsa. Duk da haka akwai masu ci gaba da ita, musamman ta reshen 9front da aka fara a 2011.

Darasin ga ɗalibi shi ne: mai bincike ba ya sanin ƙarfi da raunin abin da ya ƙera sai ya dogara da shi a aikinsa na yau da kullum.

Tambayoyi don bita:
1. Mece ce babbar manhaja?
2. Wace alaƙa ce tsakanin Plan 9 da rubutun Hausa a kwamfuta?