Rubutun Bayani: Gano Cutar A-kori-kura Mai Shan Gas

Rubutun bayani shi ne wanda ke ɗaukar aiki guda ya warware shi daki-daki. Ga misali daga sana'ar makanikanci. Ɗalibi ya lura da jerin matakan da kuma kalmomin aro da ke ciki.

A ƙasar Jega, a-kori-kura ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso albasar Aliero zuwa kasuwar Jega, ta bi hanyar Maiyama ta nufi Koko da Yawuri. Idan ta tsaya da lodi a tsakar rana, asara biyu ce ke jiran mai ita: albasa ta gumu a cikin buhu, kuɗi kuma su tafi wajen sayen kayan gyaran da ba su ne suka lalace ba. Don haka gano cuta ya riga magani, kamar yadda maɗoran Aliero ba sa ɗaure ƙashi sai sun lalubo inda ya karye.

Injin gas, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya tayar a shekarar 1897, ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Saboda haka tambayar farko ita ce: idan an murɗa makulli, injin yana juyawa?

Idan bai juya ba, ko kuwa aka ji ƙas-ƙas kawai, laifin na wuta ne. A duba kan batir, domin farin gishirin da ke taruwa a wurin yakan tare wuta. Lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6 a kan mita. Idan injin yana aiki, altaneta ta ɗaga shi zuwa wajen 14. In ba ta ɗaga ba, sabon batir ma kwanansa kaɗan ne.

Idan kuwa injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa, a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ce injekta ce, ya sa a kwance ta, alhali ita ce mafi tsada. Gwani yakan fara da kallon salansa. Farin hayaƙi da sanyin safiyar hunturu yana nuna mai na isa, zafi ne ya yi kaɗan, sai a tuhumi hita. Rashin hayaƙi baki ɗaya yana nuna mai bai iso ba: ko filta ta toshe, ko ruwa ya kwanta a gindinta, abin da man bumburutu yakan jawo, ko iska ta shiga layi. Maganin iska shi ne a sassauta noti, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare.

Akwai kuma wata cuta mai ɓad-da-kama. A jikin injektar tsofaffin Hilux akwai ɗan maganaɗisu da ke buɗe wa mai hanya idan wuta ta iso shi. Fis ɗaya ya ƙone, ko waya ta zame, mai ya yanke. Alamar ta mai ce, asalin kuwa na wuta. Gwajinta ba ya cin ko sisi: a kunna makulli, a kasa kunne, a ji ko zai ce ƙwas.

Wannan duka a kan tsofaffin injina ne. Sababbi masu kwamfuta suna tura mai da ƙarfin da zai iya huda fatar mutum, don haka ba a sassauta bututunsu injin yana aiki. Na'urar bincike ake jona musu.

Aiki

1. Fito da kalmomin aro bakwai daga matanin, ka nuna yadda Hausa ta sauya furucinsu.
2. Me ya sa aka kira cutar maganaɗisu mai ɓad-da-kama?
3. Rubuta bayani irin wannan a kan injin ban-ruwa na fadama.