Muryata Tana Nutsewa Cikin Kiɗa

Tambaya: Malam, na haɗa waƙa a ɗakina da FL Studio. A hedifon tana da daɗi, amma a waya kiɗa yana danne muryar. Abokaina kuwa "ta yi" kawai suke cewa. Ina mafita? Daga wani matashi, Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka gangar da ka jingina da ita ta ɓace, fiyano da gita suka hau kan muryarka. Rage su kaɗan tsakanin 2kHz da 4kHz, inda kalmomi ke fitowa sarai. Yanke abin da ke ƙasa da 80Hz a muryar. Sannan ka saurara a waya da mota, kana kwatantawa da waƙar da ka yarda da haɗinta.

Yabon abokai ba zai gyara komai ba. Nemi mai haɗa sauti, ka aika masa fayil ɗin WAV a matsayin takarda ta WhatsApp, don kada a matse shi. Yi masa tambaya ɗaya: wane baiti ne bai ji kalmominsa ba? Ka gyara, ka sake rubuto mana.