DARASI: Me Launin Kifinka Yake Faɗa Maka?

Yau darasinmu a kan launin kifi ne. Na san wani zai ce, Malam, mu da muke neman yadda kifi zai yi ƙiba, ina ruwanmu da launi? To ka ɗan yi haƙuri, domin launin nan yana iya ceton maka ɗaruruwan 'ya'yan kifi da ka sa kuɗinka ka saya.

1. Launi makamin ɓuya ne

A tekuna akwai wuraren da ake kira duwatsun murjani. Akwai su a Bahar Maliya, gefen Jidda, mafi girmansu kuma yana Ostireliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. A can akwai kifin da ake kira kifin dutse, wanda yake kwanciya kamar dutsen da gansakuka ta rufe, har ƙaramin kifi ya zo bakinsa bai sani ba. Dorinar ruwa kuwa cikin ƙiftawar ido take rikiɗa ta koma kalar wurin da ta laɓe.

Wannan baiwar ba ta tsaya a teku ba. Ka duba tarwaɗar da masunta ke kamawa a dam ɗin Guzu-Guzu ko na Challawa da ke Ƙaraye: bayanta baƙi, cikinta fari. Tsuntsun da ke sama in ya leƙo, baƙin bayan ya saje da taɓo. Babban kifin da ke ƙasa in ya ɗago, farin cikin ya saje da hasken sama. Akwai ma wani nau'in ƙurungu a Kogin Neja da Tafkin Chadi da yake iyo a rigingine, shi kuma cikinsa ne baƙi. Allah mai iko.

2. Yadda kifi ke canza launi

A fatar kifi akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu ɗauke da baƙin sinadari. In sinadarin ya bazu, kifi ya yi duhu. In ya tattaru wuri ɗaya, kifi ya yi haske. Idon kifin ne ke ganin wurin da yake, sai jiki ya bi. Shi ya sa tarwaɗa iri ɗaya, uwa ɗaya, in ka zuba rabi a farin tanki, rabi a baƙin tampol, bayan 'yan kwanaki za ka ga na farin tankin sun koɗe. Wannan ba ciwo ba ne, kada ka ruga sayen magani, kuma kada ka ce mai ƙyanƙyasa ya cuce ka.

3. Abin da wannan ke nufi a gonarka

Na farko, tarwaɗa ba ta son haske mai yawa. Kifi ne na dare da ruwa mai duhu. In ka sa ƙananan 'ya'ya a farin tanki, ruwan bohol garai-garai, ga rana tsaka, ka kwance musu rigar ɓuyansu ke nan. Za su riƙa firgita, su cunkushe a kusurwa, su yi ta cizon juna, manyan cikinsu su haɗiye ƙanana. Ka yi musu rumfa da zana ko buhu, ka rufe kamar rabin tankin. Amma inuwa ba ta maye gurbin tantancewa, dole ka riƙa ware waɗanda suka zarce sa'anninsu.

Na biyu, kududdufin ƙasa. Ruwa mai ɗan kore-kore yana ɓoye kifi daga zalɓe da shirwa, kuma abinci ne ga karfasa. Ga gwajin da nake koya wa masu farawa: ka tsoma hannunka har gwiwar hannu. In kana ganin tafinka tar, ruwan ya yi fari da yawa. In tafin ya ɓace tun hannun bai yi nisa ba, koren ya wuce kima, iskar ruwan za ta iya ƙarewa da asuba, sai ka rage shi ka ƙara sabo. Daidai shi ne tafin ya fara ɓacewa wajen gwiwar hannu.

Na uku, jar karfasa da zabiyar tarwaɗa. Suna da kyau a ido, amma ba su da abin ɓuya, tsuntsu na hango su daga nesa. In su za ka kiwata a fili, ka shimfiɗa raga a sama, ka kuma kewaye gefe saboda guza da maciji.

4. Launin da ya kamata ya tayar maka da hankali

Ka'idar ita ce: in duka kifin sun canza tare kuma suna cin abinci, yawanci wurin ne. In ɗaya ko kaɗan ne suka canza, suka ware gefe, suka daina ci, to akwai magana.

• Kifin da ya yi baƙi ƙirin, ya rame, yana rataye a saman ruwa: alamar rashin lafiya.
• Fari-fari kamar auduga, ko jan gyambo a fata: cuta ce, ka ware shi.
• Ka ɗaga marfin kunnensa ka duba. Na lafiyayye ja ne jawur. In ya koɗe, jini ya yi ƙaranci. In ya koma ruwan ƙasa, ruwanka ya gurɓace da kashi da ragowar abinci.
• Namijin karfasa yana yin ja-ja lokacin barbara. Wannan lafiya ce.

In ka ga alamar ciwo, ka dakatar da abinci, ka canza wani sashe na ruwan, sannan ka nemi likitan dabbobi ko malamin gona. Kada ka zuba kafso da ka.

Aikin gida ga mutanenmu na Jama'a da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo: gobe da safe kafin ka watsa abinci, ka tsaya minti biyar ka kalli kifinka. Ka riƙe launinsu na lafiya a ka, domin ranar da ya canza ka gane da wuri.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.