Yadda Mai Ciwon Suga Zai Yi Idan Amai da Zawo Suka Kama Shi

Da damina ta kankama a ƙasar Aguié, Gazawa da Gidan Rumji, ruwan sama kan kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi, sai zawo ya shiga gida gida. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da kwalarar 2018 da ta fara daga Madarunfa ba, balle ta 2021. Mai lafiya yakan yi kwana biyu yana fama da cikinsa ya miƙe. Mai ciwon suga kuwa, musamman wanda ke allurar insulin, yini guda ya isa ya kai shi ga suma. Ga yadda za a bi da shi.

Na farko, kuma shi ne babba: kada a daina allura. Daina allura kuskure ne da ke kashe mutane, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Sai ka ji uwa ta ce, yaron nan tun safe bai sa komai a bakinsa ba, in aka yi masa allura ai suga zai faɗi. Amma jikin da ke fama da cuta yakan sa hanta ta riƙa zuba suga cikin jini ko mutum bai ci ba. Idan babu insulin, jiki ba ya iya amfani da sugan nan, sai ya koma ƙona kitse, kitsen kuma ya bar wani tsami a cikin jini da ma'aikatan lafiya ke kira keton. Abin tsoron shi ne alamun wannan tsami su ne amai, ciwon ciki da kasala, wato daidai da alamun ɓacin ciki. Sau da yawa ana zaton abinci ne ya ɓata ciki, alhali sugan ne ke sa aman. Don haka allurar da ke daɗewa tana aiki, irin su Insulatard, ba a tsallake ta. Mai amfani da Mixtard, wadda ta haɗa mai sauri da mai jinkiri, ana iya rage masa in sugansa na sauka, amma ba a yanke ta gaba ɗaya. Actrapid, ta lokacin cin abinci, ita ce ake ragewa ko ƙarawa. Yawan abin da za a rage ko a ƙara ba na kintace ba ne, a kira majo na CSI, wato cibiyar lafiya, ko likitan da ya rubuta allurar.

Na biyu, a riƙa auna suga kowane awa 3 zuwa 4, har cikin dare, yaro kuwa kowane awa 2. A rubuta lokaci da lambar a takarda, domin ita za a miƙa wa ma'aikacin lafiya. Lambobi biyu ne za a riƙe. Ƙasa da 70 a na'ura, wato 0.70 g/L yadda ake rubutawa a asibitocin Nijar, suga ya faɗi. Sama da 250, wato 2.5 g/L, ya hau. Wanda ya sayo na'urarsa daga Katsina ko Jibiya, ko ɗan'uwanmu da ya zo gudun hijira ƙasar Gidan Rumji daga Najeriya, ya duba da kyau, don wata na'urar da mmol/L take ƙirga: a nan lambobin su ne 3.9 da kusan 14. In akwai tsinken awon fitsari na keton, a tsoma shi duk lokacin da suga ya wuce 250.

Na uku, ruwa. Zawo na kwashe ruwan jiki, suga mai yawa kuma na ƙara kwashe shi ta fitsari, ga zafin ƙasarmu. Babba ya sha aƙalla kofi ɗaya kowace awa, ya ƙara kofi bayan kowane zagayawa. Ba a kwankwaɗa, kurɓi kaɗan kaɗan ake yi, cokali bayan cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Ruwan ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs.

Abin da ya fi dacewa a sha shi ne SRO, ƙunshin gishiri da suga na masu zawo, amma mutane da yawa na tsoronsa, wai akwai suga a ciki. Akwai, amma giram 13.5 ne kawai a lita guda, kusan ƙwayar sukari uku, kuma shi ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri da ruwa. A zuba ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya, a rufe, abin da ya kwana ya wuni a zubar. In babu shi a kusa, a haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan na gida ya fi na ƙunshi suga, sai a ƙara lura da awo.

Na huɗu, a sa wani abu a ciki. Tunda ana allura, dole jiki ya sami abin ƙonawa. Koko ko kunun gero mai ruwa ruwa, ludayi biyu ko uku kowane awa 3, ko 'yar shinkafa da ta dahu luguf, ko ayaba. In suga ya faɗi ƙasa da 70, ko mutum ya fara gumi, rawar jiki da ganin duhu, a ba shi ƙwayar sukari 3 a ruwa ko cokalin zuma, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, a kwantar da shi a gefensa, a shafa masa zuma ko sukari a cikin kunci, a ɗauke shi nan take. Idan kuma cutar ta zo cikin watan azumi, a sha ruwa, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Na biyar, ƙwayoyi. A nan dokar ta bambanta da ta allura. Metformin ana ajiye shi muddin ana amai ko zawo, domin in ƙoda ta rasa ruwa yana taruwa a jiki ya yi illa. Glibenclamide na iya kayar da suga in ba a cin abinci. Magungunan hawan jini irin su captopril da furosemide su ma a tambayi ma'aikacin lafiya ko za a dakata da su. Diclofenac da ibuprofen na masu tallar magani a tire, a yi nesa da su, suna cutar da ƙodar da ta bushe. Jiƙe jiƙen tsayar da zawo ma ba lokacinsu ba ne. In akwai zazzaɓi a yi gwajin maleriya, a kuma gaya wa mai ba da magani cewa akwai ciwon suga, saboda kinin na saukar da suga sosai.

Na shida, a san lokacin da gida ya gaza. A tafi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba in amai ya hana ruwa zama har awa 4, ko suga ya ƙi sauka daga 300 a awo biyu a jere, ko keton ya fito da yawa. Haka nan in numfashi ya zama mai zurfi da sauri, baki na warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, fitsari ya ɗauke, ido ya faɗa, ko marar lafiya ya fara gyangyaɗi da sambatu. Zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa alamar kwalara ce. Yaro, mai ciki da tsoho ba a jira su kai nan. Mutumin Gangara, Cadakori ko Tibiri ya fara da CSI mafi kusa don a sa masa ƙarin ruwa, daga can a tura shi asibitin gunduma ko babban asibitin Maraɗi. A tafi da allurar, da na'urar, da takardar awo, ana ba shi SRO a hanya in yana iya haɗiya.

Insulin ɗin kanta a kiyaye ta daga rana. Inda babu firji, a sa kwalbar a cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, a binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa a inuwa, kwalbar da aka buɗe kuma a yi amfani da ita cikin mako 4.

Don Allah, kafin ruwa ya sauka, duk mai allura ya je wurin likitansa a rubuta masa yadda zai rage ko ƙara insulin ranar rashin lafiya, ya ajiye ƙunshin SRO a ɗaka, ya kuma koya wa mutum ɗaya a gidan yadda ake awo da allura.