Karɓo Harajin VAT Kafin a Fara Ciniki

Jama'a, duk wanda ya kafa sana'a a Birtaniya, ya sayi injuna da haja, ya biya lauya da akanta, alhali ko mai ciniki ɗaya bai riga ya tako ƙofarsa ba, to ya sani harajin kashi 20 cikin ɗari da aka ɗora masa a kan akasarin waɗannan sayayya haƙƙinsa ne ya nema a mayar masa, muddin ya yi rajistar wannan haraji na VAT da hukumar haraji ta HMRC. Doka ba ta wajabta rajista sai cinikin shekara ya haura fam 90,000, amma ta halatta wa mai niyyar ciniki ya yi ta da ganin damarsa.

Sai dai hukuma ba ta karɓar niyya da fatar baki, hujja take nema, kamar takardar hayar shago, ko yarjejeniya da wanda zai saya. Sharaɗi kuma shi ne abin da za a sayar ya kasance cikin dangin da harajin ya hau kansu, domin mai bayar da hayar gidajen zama ba shi da rabo a nan.

Kayan da aka saya cikin shekara 4 kafin rajista, in suna hannu har yanzu, ana neman harajinsu a lissafin farko da za a miƙa wa hukumar. Ayyukan hidima kuwa wata 6 kaɗai aka ƙayyade musu, saboda haka jinkiri hasara ce. Ku adana kowane rasiɗi, ku duba da idonku ko lambar VAT ta mai sayarwa tana jikinsa, don wanda ba ya ɗauke da ita ba kasafai ake amsarsa ba.