Darasi na 6: Saƙon Waya da Barin Shan Taba

Kusan duk mai shan taba da ya zo ɗakin shan maganinmu ya riga ya san taba tana cutarwa. Wani manomi da muka yi wa maganin tarin fuka ya ce mini, "Malama, sau uku ina bari. Da safe nakan yi niyya, amma in na zauna wurin mai shayi da dare, sai in ga kara a hannuna." Ni sau ɗaya nake ganinsa a wata, kuma lokacin da yake wurin mai shayi ba na nan. Amma wayarsa tana cikin aljihunsa. Wannan darasi zai nuna yadda wayar nan za ta taimake shi.

Me ya sa barin taba yake da wuya?

A cikin taba akwai wani sinadari mai suna nikotin. In an zuƙi hayaƙi, yakan kai ƙwaƙwalwa kafin a cika daƙiƙa 20. Jiki yakan saba da shi, har ya riƙa nemansa. Shi ya sa wanda ya bari yakan yi saurin fushi, ya kasa barci, ya ji yunwa, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Wahalar ta fi tsanani a mako na fari, ta kuma ragu cikin makonni 2 zuwa 4. Haka yake ga sigari da shisha da taba gari.

Ga abin da ya kamata ka riƙe: marmarin taba ba ya daɗewa. Yakan taso da ƙarfi, bayan 'yan mintoci ya kwanta. Wanda ya sami abin da zai riƙe shi cikin mintocin nan ya tsallake. Aikin saƙon waya ke nan.

An gwada kuwa?

An gwada. A 2011 aka fitar da sakamakon wani bincike a Birtaniya, wanda aka yi da mutum 5,800 masu son bari. Rabinsu an riƙa aika musu saƙon ƙarfafawa sau biyar a rana har makonni biyar, daga nan sau uku a mako. Sauran ba su sami irin wannan saƙo ba. Bayan wata shida aka auna yawunsu don a tabbatar. Cikin kowane mutum 100 da suka sami saƙon, wajen 11 sun bari. Cikin sauran, wajen 5 ne. A 2016 gwamnatin Indiya ma ta soma irin wannan shiri: mutum ya kira wata lamba ya katse, sai a fara aiko masa da saƙonni.

Mu lura da abu biyu. Saƙon ya ninka yawan masu bari. Amma ba laya ba ne, gama da yawa sun koma sha. Niyya daga gare ka take, saƙo mataimaki ne.

Yadda za mu yi a ƙauyenmu

A waɗancan ƙasashe kwamfuta ce take aika saƙon. A nan mutum zai iya yi, kuma mutum ya san sunanka da halinka.

1. Zaɓi abokin tafiya: matarka, ɗanka, aboki, dattijon ikilisiya ko limamin unguwa. Ya zama ba ya sha, kuma ba mai gori ba ne.
2. Sa ranar bari cikin makonni biyu masu zuwa. A daren jajibere ka zubar da sauran taba.
3. Gaya masa lokutan da ka fi sha: bayan tuwo, wurin shayi, ranar kasuwa, ko in ranka ya ɓaci. Saƙo ya riƙa zuwa kafin lokacin.
4. A mako na fari, saƙo uku ko fiye a rana. Daga nan ɗaya a rana har wata guda, sannan biyu ko uku a mako har wata shida.
5. Ku yi alkawari: in marmari ya taso, ka kira shi ka katse. Shi kuwa ya amsa da saƙo ko kira nan da nan.

Wanda bai iya karatu ba, a aika masa saƙon murya, ko a kira shi na minti ɗaya, ko yaron makaranta ya karanta masa.

Wane irin saƙo?

Gajere, mai faɗin abin yi, ba faɗa ba wa'azi. Misali:

"Baba, ka ci tuwo? Tashi ka yi asuwaki, ka ɗan zaga. Marmarin zai wuce."

"Yau kwana uku. Nan ne tudun, kana gab da gangara."

"Maigida, kuɗin taba na makon nan yana cikin asusu. Ya sayi sabulu da gishiri."

Lissafin kuɗi yana ƙarfafa zuciya. A ce kara goma kake sha a rana, kowane sefa 25. Sefa 7,500 ke nan a wata, fiye da sefa 90,000 a shekara. Ka tuna kuma jiki yana soma warkewa da wuri: cikin awa 12 gubar hayaƙi da ke jini takan sauka, bayan shekara ɗaya kuma hatsarin ciwon zuciya ya ragu da wajen rabi. Yara da mai ciki a gidanka su ma sun huta da hayaƙin.

In an koma fa?

Kara ɗaya bai rushe aikin ba. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da yawa. Abokin tafiya kada ya yi fushi ya daina aikawa. Ya rubuta, "Me ya jawo? Gobe mu ci gaba." Manomin nan, 'yarsa ce ta riƙa aika masa daga makaranta. Ya koma sau ɗaya a wurin biki, washegari ta kira shi, ya sāke ɗaura niyya.

Saƙo ba ya maye gurbin asibiti. In tari ya wuce makonni biyu, ko ka ga jini a kaki, ko kana ramewa, ko ƙirji yana ciwo, ka zo a auna ka. Wanda marmari ya fi ƙarfinsa ya zo mu yi shawara.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane lokaci ne mai sha ya fi bukatar saƙo?
2. Wace magana ce take sa mutum ya ɓoye cewa ya koma?
3. A zumuntar mata ko ta matasa, wa zai zama abokin tafiyar wani a wannan wata?

Allah ya ba mai niyya ƙarfi, ya ba abokin tafiyarsa haƙuri.