Yi da Bari ga Ɗan Adar Mai Son Gyaran Jirgin Sama

Ɗana, na ji za ka bar Takanamat ka koyi gyaran jirgi. To, buɗe kunnenka.

Ka yi karatu ka samu lasisi. A Nijar hukumar ANAC ke bayarwa, kuma kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyar da wannan sana'a. Kada ka zo mana da dabarar garejin tasha. Mota in ta mutu tsakanin Tawa da Abalak sai a tura ta gefen hanya. Shi jirgi ina za a tura shi?

Kada ka sa hannu a takarda kan aikin da idonka bai gani ba, ko da maigidanka ne ya tsaya a kanka yana duba agogo. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato, tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Makaniki ya nemi a ƙara, aka ce lokaci ya ƙure. Taya ta fashe wajen tashi, ta kama wuta, aka naɗe ta cikin jirgin da wutarta. Mutum 261 ne, ba wanda ya tsira. Bincike ya gano har lambobin awon iska an sauya a takarda. Saboda haka auna taya da ma'auni tana sanyi, ka rubuta abin da allura ta nuna. Dukanta da ƙafa aikin banza ne.

Jirgi in zai kwana a fili, rufe bakin inji da ɗan bututun nan mai auna gudu. Ƙurar hunturu ta Adar ba ramin da ba ta shiga, ga kuma zanzaro, wanda ko hancin buta bai bari ba. Shi masu bincike suka fi zargi da toshe bututun jirgin Birgenair da ya faɗa teku a 1996 da mutum 189. Da safe kuma cire murafun duka, ka ƙirga su a hannunka.

Tsiyayo mai daga ƙasan tanki ka ɗaga shi ga haske. Ruwa can yake kwanciya.

Kada ka zaɓi ƙusa da ido, duba lambarta a littafin jirgin. A 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fita a sama don an ɗaure shi da ƙusoshin da suka ɗan gaza kauri, matuƙin ya kusa binsa.

Ƙirga sifanoninka kafin aiki da bayansa. In ɗaya ta ɓace, jirgin ba ya motsi sai an ganta.

In rana ta dake ka, ko azumi ya sa idonka na ganin bibbiyu, faɗa wa shugabanka a ba wani. Kuma in waya ta katse maka aiki, kada ka ɗora daga inda kake zaton ka tsaya. Koma baya ka sake taɓa kowane noti.